Iskar Da Ke Rayar Da Mutum Ita Ce Ke Cin Ƙarfe Da Mai

A 'yan shekarun nan kasuwannin ƙasar nan da kantunan magani sun cika da ƙwayoyi da garin ganyaye da ruwan kwalba iri iri, waɗanda masu tallarsu ke cewa suna ɗauke da wani abu wai shi antioksidan. Suna cewa yana hana tsufa, yana wanke jini, har ma wasu kan yi iƙirarin cewa yana maganin ciwon daji. Ma'aikaci yakan yanki wani abu daga cikin albashinsa ya saya, ɗalibi kuma yakan ji sunan a aji ya haddace domin jarrabawa, amma kaɗan ne suka san abin da kalmar ke nufi, balle su iya bambance gaskiyar maganar da ƙarin gishirin 'yan kasuwa. Wanda duk ke son ya gane wannan al'amari tilas ne ya faro daga iskar da yake shaƙa.

Cin Da Iska Ke Yi

Kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da duniya oksijin ce. Wani Bature mai suna Joseph Priestley ya ware ta a Ingila cikin shekarar 1774, wani mai haɗa magunguna a Suwidin, Carl Scheele, shi ma ya gano ta a daidai wannan zamani, sa'an nan Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa mata suna, ya kuma nuna cewa cin wuta da numfashin dabba duk haɗuwa ce da wannan iska.

Masana kimiyya sun bayyana cewa kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, kuma atam kan haɗu da 'yan'uwansa su zama molakul. Abin da ke ɗaure su kuwa shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu suna ilaktaron, waɗanda galibi bibbiyu suke zama. Halin oksijin shi ne ƙwace ilaktaron daga abin da ta tarar. Wannan ƙwace shi ake kira oksideshan, watau cin da iska ke yi wa abu. In ya faru da gaggawa, shi ne wuta. In ya faru sannu a hankali, shi ne tsatsar da ke cin kwanon rufi da garma da ƙyauren shago bayan damina.

Ba a ƙarfe kaɗai abin ya tsaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata da ke Kano ya ga wannan aiki da idonsa. Marini yakan jiƙa baba da toka a cikin rami ya bar su kwanaki su ruɓa, a nan ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan suke mai da shunin yadda zai narke ya shiga zare. Lokacin da aka tsamo zane daga ramin, launinsa kore-kore ne. Sai an ɗaga shi ya sha iska sa'an nan yake rikiɗa ya koma shuɗi, domin oksijin ta mai da shunin yadda ba zai sake narkewa ba, ya maƙale cikin zaren. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa sau da yawa kafin zane ya yi baƙi yadda ake so.

Haka nan farin goro in aka ɓara shi ko aka tauna yakan yi ja, doya da dankalin Turawa kuma in aka fere aka ajiye sukan yi duhu. A cikin waɗannan akwai wani enzayim, watau sinadarin da ke gaggauta haɗuwar abubuwa, wanda ke haɗa oksijin da wasu sinadaran tsiron da zarar wuƙa ta yanka. Uwargida da ke zuba doyar da ta fere cikin ruwa tana raba ta da iska ne, ko da ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba. Har wa yau, bambancin baƙin ganyen shayi da koren ganyen da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Zinder daga nan ya samo asali. Itacen ɗaya ne. An murje na farko an bar shi ya sha iska har ya yi duhu, na biyun kuwa an gasa shi ko an turara shi tun da wuri domin a kashe enzayim ɗin.

Gwauron Molakul

An riga an faɗa cewa ilaktaron bibbiyu suke zama. Amma wani lokaci zafi ko hasken rana ko wani ƙarfe yakan tsinke molakul, a sami ɓangaren da ke ɗauke da ilaktaron guda ba shi da abokin zama. Wannan shi masana ke kira firi radikal, a Hausance kuwa ana iya ce masa gwauron molakul. Ba ya iya zama haka nan, sai ya auka wa maƙwabcinsa ya ƙwace abin da ya rasa. Wanda aka ƙwace wa shi ma ya zama gwauro, ya auka wa na gaba. Ta haka gwauro guda kan jawo ɓarnar molakul masu ɗimbin yawa, kamar yadda tartsatsi guda kan cinye dannin unguwa da hunturu.

Da can masana ba su yarda irin wannan abu yana iya wanzuwa shi kaɗai ba, sai a shekarar 1900 da Moses Gomberg na Jami'ar Mishigan a Amurka ya haɗa irinsa na farko a ɗakin bincike. Mafi yawan gwaurayen nan ba sa daɗewa. Mafi haɗarinsu, wanda ake kira haidiroksil, ba ya kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kafin ya auka wa wani abu.

Inda aka fi ganin aikinsu a gida shi ne a cikin mai. Ruwa ba ya tsami banza, haka ma man gyaɗa ba ya canza wari banza. Zafi ko haske yakan cire atam guda na haidirojin daga molakul ɗin mai, oksijin ta shiga gurbin, abin da ya samu ya ƙwaci haidirojin daga molakul na kusa, haka haka har abin ya game kwalbar. Daga baya waɗannan molakul da suka lalace sukan farfashe su zama wasu ƙananan sinadarai, su ne ke kawo warin nan da maƙaƙin da ake ji a maƙogwaro in an ci tsohon ƙuli-ƙuli ko busasshen kifin da ya daɗe a ajiye. Tsatsar ƙarfe da jan ƙarfe suna ƙara wa wannan aiki sauri ƙwarai. Man waken suya da man gurya da kitsen kifi sun fi saurin lalacewa, manja da man kaɗanya kuwa sun fi jurewa saboda irin ginin molakul ɗinsu. Man riɗi shi kuma ya yi suna wajen daɗewa bai ɓaci ba, domin yana ɗauke da wasu sinadaran kariya nasa na kansa.

A Cikin Jikin Mutum

Jikin ɗan Adam shi ma ƙona abinci yake yi da oksijin domin ya sami ƙarfi, sai dai a hankali yake yi, mataki mataki, a cikin ƙwayoyin halittarsa. A wajen wannan aiki ɗan kaɗan daga cikin oksijin ɗin yakan kuɓuce ya zama gwauro, wanda ake kira sufa-oksaid. Hayaƙin taba, hayaƙin itace da na mota, barasa da zafin rana mai tsanani duk suna ƙara yawan gwaurayen. In suka yi yawa sukan taɓa kitsen da ke lulluɓe da ƙwayoyin halitta, su taɓa furotin, su taɓa har ma'ajiyar gado da ake kira DNA.

Likitoci sun ga illar oksijin tun kafin su gane dalilinta. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950 dubban jarirai bakwaini a Amurka da Turai sun makance saboda yawan oksijin da aka riƙa ba su a cikin kwalba da niyyar ceton ransu. A shekarar 1954 wata masaniya 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman, tare da abokan aikinta suka bayyana cewa gubar oksijin da ɓarnar hasken hoton ƙashi hanyarsu ɗaya ce, watau gwaurayen molakul. Bayan shekara biyu, cikin 1956, Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa tsufa kansa tarin wannan ɓarna ne. Wannan ra'ayi ya yi tashe ƙwarai, kuma a kansa ne aka gina mafi yawan tallar da ake ji yau. Amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya a kan ɓeraye da sauran ƙananan halittu ba su nuna cewa ƙara sinadaran kariya yana tsawaita rai a kowane hali ba, saboda haka masana a yanzu suna ɗaukar wannan ɓarna a matsayin ɗaya daga cikin dalilan tsufa masu yawa.

Jiki kuwa ba a bar shi haka ba garkuwa. A shekarar 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano wani enzayim da ke kama sufa-oksaid ya mai da shi haidirojin feroksaid. Wani enzayim ɗin kuma, katales, yakan farfasa wannan ya zama ruwa da oksijin. Kumfar da ake gani in ma'aikacin asibiti ya zuba ruwan feroksaid a kan ciwo aikin katales ne da ke cikin jini. Akwai kuma gulutatayon, wanda kowace ƙwayar halitta ke haɗa wa kanta. Waɗannan su ne manyan dakarun, kuma jiki ne ke yin su da furotin da ƙananan ma'adinai irin su zink da jan ƙarfe da saliniyam da yake samu daga abinci.

Abin da ke faruwa in wannan garkuwa ta yi rauni ba baƙon abu ba ne a asibitocin Afirka ta Yamma. Maza da yawa a wannan yanki ana haihuwarsu da ƙarancin wani enzayim da likitoci ke kira G6PD, wanda jajayen ƙwayoyin jini ke dogara da shi wajen sabunta gulutatayon. Irin waɗannan mutane lafiyarsu lau, sai ranar da suka gamu da wani abu mai tsananta cin iska, kamar maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin, ko ƙwallon kafur na naftalin da ake sakawa cikin akwatin tufafi. A nan jajayen ƙwayoyin jinin sukan farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Ga jariri sabon haihuwa wannan yana iya kawo shawara mai tsanani da za ta taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likitocin yara ke gargaɗin iyaye mata da kada su ajiye kayan jariri tare da wannan kafur.

Ba Duka Ne Abokan Gaba Ba

Kuskure ne babba a ɗauka cewa gwaurayen molakul sharri ne zalla. A shekarar 1973 Bernard Babior ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini da gangan suke haɗa sufa-oksaid su watsa wa ƙwayoyin cuta domin su kashe su, kuma yaran da aka haifa ba su iya yin haka kullum cikin ƙuraje da cututtuka suke. Wani gwauron kuma, naitirik oksaid, shi ne saƙon da ke sa jijiyoyin jini su saki, kuma waɗanda suka gano haka sun sami lambar Nobel a 1998.

Daɗin daɗawa, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi a yau ta wannan hanya yake aiki. Atimisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro daga wata ciyawa dangin tazargade a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970, yakan shiga jinin majiyyaci, in ya gamu da ƙarfen da ƙwayar cutar ta tara daga jinin da take ci sai ya fashe ya zama gwauraye su hallaka ta. Wannan aiki ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Ga sinadarin tsiro ke nan wanda amfaninsa haifar da gwauraye ne, ba kashe su ba.

Abin Da Tsirrai Ke Ɗauke Da Shi

Tsiro ba ya iya gudu ya shiga inuwa. Yini yake yi cikin rana, kuma ganyensa ne ke fitar da oksijin, saboda haka yana haɗa sinadarai masu yawa domin kare kansa daga rana da ƙwari da cuta. Su ne ake kira antioksidan. Aikinsu shi ne su miƙa wa gwauro abin da yake nema ba tare da su sun zama masu ɓarna ba, ta haka sarƙar ta tsinke.

Biyu daga cikinsu sanannu ne. Bitamin E, wanda aka gano a 1922, yana zama cikin kitse ya tsare shi, ana kuma samunsa a gyaɗa da riɗi da manja. Bitamin C kuwa cikin ruwa yake narkewa, kuma yana mai da wa bitamin E ƙarfinsa bayan ya yi aiki. Albert Szent-Györgyi na ƙasar Hangari, wanda ya ciro shi da yawa daga jan tattasai, ya sami lambar Nobel a 1937. A ƙasar Hausa ana samunsa a gwaba da lemo da tattasai da 'ya'yan kuka da ɗanyen zogale.

Sai kuma dangin karotin, masu ba manja da karas da mangwaro da kabewa launinsu, waɗanda jiki ke mai da wasunsu bitamin A, abincin ido. Sai babban gida na folifenol, wanda aka ƙidaya dubban iri a cikinsa. Jan launin zoɓo daga nan yake, haka ɗacin goro da baurin shayi da na jar dawa. Bagaruwar da majema ke jeme fata da ita a Kano da Sakkwato tanin ne ke cikinta, shi ma ɗan wannan gida ne. Ɗalibi yana iya gwada halin waɗannan launuka da kansa: in ya ɗiga lemon tsami a ruwan zoɓo jan zai ƙara haske, in kuwa ya jefa 'yar kanwa sai ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi.

Ina Gaskiyar Talla?

An daɗe ana lura cewa mutanen da ke yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki da wasu irin ciwon daji ba kamar waɗanda ba sa ci. Daga nan aka yi zaton cewa in aka ciro sinadarin aka dunƙule shi ƙwaya aka sha da yawa, amfanin zai ninka. Da aka gwada sai aka ga akasin haka.

A ƙasar Finlan an bi mazaje masu shan taba su 29,133 na tsawon shekaru, aka ba wasunsu ƙwayar beta-karotin. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka, a kan mutane fiye da 18,000, sai da aka dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, domin ƙaruwar ta kai kashi 28 cikin 100. A shekarar 2011 kuma aka ba da rahoton wani gwaji a kan maza fiye da 35,000, inda masu shan ƙwayar bitamin E suka fi kamuwa da ciwon dajin furostet, watau ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100.

Har wa yau an gano cewa abin da sinadari ya yi a kwalbar gwaji ba lalle ne ya yi shi a cikin jiki ba. Mafi yawan folifenol kaɗan ne ke ratsa hanji su shiga jini, wanda ya shiga kuma hanta takan sauya shi ta fitar. Saboda wannan dalili ne Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan a abinci a shekarar 2012, bayan ta lura 'yan kasuwa suna talla da shi ba bisa hujja ba.

Wannan ba ya nufin tsirran ba su da amfani. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts, aka buga a 2010, ya nuna cewa mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda aka ba wasunsu kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, jinin masu shan ya ɗan sauka fiye da na sauran. Amma ɗan sauki ne, ba zai maye gurbin maganin likita ba, kuma zoɓon da aka cika wa sukari wata magana ce dabam. Shayi ma mai tanin ne, in aka sha shi tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki zai tsotsa, abin da ya kamata mata masu ciki da masu ƙarancin jini su kula da shi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Kuɗin kwalba guda ta ƙwayoyin da ake talla sun isa su sayi alayyafo da zogale da tumatir da gwaba na kwanaki masu yawa ga iyali duka. Sai dai yadda ake dafawa yana da muhimmanci. Kanwa da daɗewa a kan wuta suna kashe bitamin C na ganye, soya manja har ya yi fari kuma yana ƙone karotin ɗinsa.

Game da mai, abin da ya dace shi ne a ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da rana da murhu, kada kuma a zuba shi cikin gwangwani mai tsatsa. Tun daga 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa a Nijeriya, amma wannan bitamin ba ya jure haske da iska, saboda haka man da ya yini a farar kwalba a tsakiyar ranar kasuwa yana asarar wani sashe na abin da aka ƙara masa. Masu tuyar ƙosai da awara da kifi su ma ya kamata a wayar musu da kai cewa man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa ya riga ya lalace, ƙara masa sabo ba ya gyara shi.

Ya rage ga hukumar NAFDAC da ma'aikatun lafiya na jihohi su sa ido a kan masu iƙirarin warkar da manyan cututtuka da sunan antioksidan, jami'o'in ƙasar nan kuma su ƙara himma wajen gwada tsirran gida a kan majiyyata bisa ƙa'ida, domin a san wanda ke da amfani da adadin da ya kamata a sha. Kafin nan, mai shan taba da ke neman kariya daga gwaurayen molakul ya sani babu ƙwayar da za ta yi masa abin da barin tabar zai yi.